Tarihin Tara Mujallun Zane a Amurka, da Yadda Aka Kimanta Su Aka Yi Musu Fihirisa



Gabatarwa

Abin da wannan lacca za ta yi magana a kansa shi ne wasu 'yan mujallu masu araha waɗanda ake ba da labari a cikinsu ta hanyar jera zane-zane, ana sa maganar mutanen labarin cikin wani ɗan da'ira kusa da bakinsu. Amurkawa suna kiran su komik, mu kuwa a nan za mu kira su mujallun zane. Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan jami'a da kayan wasan yara. Amsar ita ce, tarihin waɗannan mujallu misali ne bayyananne na yadda al'umma kan rena wani irin rubutu, ta hallaka mafi yawansa, sa'an nan daga baya ta komo tana neman ragowar ido rufe. Cikin shekara 70 da 'yan kai, mujallar da aka saya senti 10 ta kai ana cinikinta a kan dala miliyan. Za mu bi yadda haka ta faru daki-daki: yadda mujallun suka ɓace, da waɗanda suka fara tara su, da wahalar yi musu fihirisa, da yadda aka ƙago ma'aunin kimanta lafiyarsu, da abin da kasuwa ta yi da wannan ma'auni. A ƙarshe za mu duba abin da ya shafe mu a ciki.

Asalin mujallun da dalilin ɓacewarsu

Tun ƙarshen ƙarni na 19 jaridun Amurka suke buga gajerun labarun zane don jawo masu saye. A 1933 ne wani kamfanin ɗab'i mai suna Eastern Color ya tattara irin waɗannan zane-zane ya buga su cikin ƙaramar mujalla, ana ba da ita kyauta ga masu sayen kayan wani kamfanin sabulu. Da aka ga jama'a suna so, sai a 1934 aka fito da Famous Funnies, ana sayar da ita senti 10 a rumfunan masu jarida. Amma abin da ya kafa sana'ar sosai shi ne fitowar farko ta Action Comics a 1938, wadda a cikinta Superman ya fara bayyana. Samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, su ne suka ƙago shi, suka sayar wa kamfani da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130. An buga kwafi wajen 200,000 na wannan fitowa. Yau abin da aka ƙiyasta ya rage a duniya bai wuce kamar 100 ba.

To, ina sauran suka tafi? Dalili na farko yana cikin takardar ita kanta. An buga mujallun a kan takardar jarida, wadda aka yi da niƙaƙƙen itace ba a tace ta sosai ba, saboda haka akwai sinadari mai tsami a jikinta da ke cin ta a hankali. Haske da zafi da laima suna gaggauta wannan ci, har takardar ta yi ja, ta bushe, ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Ƙananan wayoyi biyu da aka ɗinke ta da su kuma sukan yi tsatsa su ɓata tsakiyarta. Ba wanda ya buga su da nufin su yi shekara biyar.

Dalili na biyu shi ne tsarin ciniki. Mai rumfar jarida ba ya biyan kuɗin abin da bai sayar ba. Yakan yage bangon mujallar da ta yi kwantai, ko saman bangon inda sunanta yake, ya mayar wa dillali a matsayin shaida, sauran kuwa a lalata. Dalili na uku yaƙi ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi gangamin tara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su, yaran makaranta ne kuma suka fi himma wajen bin gida-gida, suna haɗawa har da mujallunsu.

Dalili na huɗu shi ne ƙyama. Bayan yaƙi labarun ta'addanci da na ban tsoro suka yawaita cikin mujallun, iyaye da malamai da shugabannin coci suka tayar da murya cewa su ne ke lalata tarbiyyar yara. A 1948 aka tara su aka cinna musu wuta a bainar jama'a a garin Spencer na jihar West Virginia da garin Binghamton na jihar New York. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafin da ya ɗora wa mujallun alhakin kangarewar matasa, wani kwamitin Majalisar Dattawa kuma ya zauna ya saurari shaidu a kan batun. Don gudun kada gwamnati ta kafa musu doka, masu bugawa suka kafa hukumar tace kansu a wannan shekara, kamfanoni da yawa suka rufe. Sai a 2012, bayan an buɗe takardun Wertham ga masu bincike, wata malamar ilmin laburare, Carol Tilley, ta nuna cewa ya sassauya maganganun yaran da ya kafa hujja da su. Amma kafin nan aikin gama ya gama. Duk tsadar da za mu ji nan gaba, daga wannan hallaka ta samo asali.

Masu tarawa na farko

Waɗanda suka karanta mujallun suna yara a shekarun 1940 sun zama magidanta a farkon shekarun 1960, waɗansunsu kuma ba su rabu da sha'awar ba, sai dai kowa yana zaton shi kaɗai ne. Abin da ya haɗa su ƙaramin abu ne ƙwarai. A 1961 wani edita a kamfanin DC, Julius Schwartz, ya fara buga cikakken adireshin masu aiko da wasiƙa a shafin masu karatu. Nan da nan suka shiga rubuta wa juna. A wannan shekara ce Jerry Bails, malamin kimiyya a Jami'ar Wayne ta birnin Detroit, ya fito da wata 'yar mujalla mai suna Alter Ego, wadda ake gurzawa da injin ofis a aika ta gidan waya. Ya kuma fito da wata dabam ta tallan saye da musaya. A 1964 aka yi taron masu sha'awa a New York, a 1970 kuma aka fara na San Diego, wanda daga baya ya zama babban biki na shekara-shekara.

Ya kamata a lura da cewa waɗannan mutane ba kuɗi suka fara nema ba. Burin kowannensu shi ne ya cika jerin mujallar da yake so daga lamba ta ɗaya har ta ƙarshe. Amma mutum ba ya cika abin da bai san iyakarsa ba. Lamba nawa aka buga? A wace shekara aka daina? Wa ya rubuta, wa ya zana? Babu laburaren da ya ajiye amsa, kamfanonin ma da yawa sun mutu da takardunsu. Dole ta sa masu sha'awa suka zama masu yin fihirisa.

Wahalar yin fihirisa

Wanda bai taɓa aikin ba zai ɗauka cewa jera suna da lamba ba wani abu ba ne. Ga kaɗan daga cikin tarkon da ke ciki. Da farko, sunan da ke bango ba kullum ne yake daidai da sunan da aka yi rajista da shi ba, wanda ake bugawa da ƙananan haruffa a ƙasan shafin farko, don haka sai aka yi ittifaƙi cewa na ƙananan haruffan nan shi ne abin dogara. Na biyu, watan da aka rubuta a bango yakan riga ranar fitowa da wata biyu ko uku, domin mujallar ta daɗe a rumfa ba a ce ta tsufa ba. Action Comics ta farko tana ɗauke da watan Yuni, alhali a Afrilu ta shiga kasuwa.

Na uku kuwa ya fi ruɗarwa. Don mujalla ta sami rangwamen kuɗin aikawa ta gidan waya sai an biya kuɗin rajista, saboda haka idan wata ta daina ciniki, maimakon a buɗe sabuwa sai a sauya mata suna a ci gaba da tsohuwar lamba. Kamfanin EC yana da wata mai suna Moon Girl ta labarin jaruma, ya mai da ita ta soyayya, sa'an nan a 1950 ya mai da ita Weird Fantasy ta labarun sararin samaniya, wadda fitowarta ta farko ke ɗauke da lamba 13. Wanda bai san wannan ba sai ya ƙare rayuwarsa yana neman lambobin farko da ba a taɓa bugawa da wannan suna ba. Na huɗu, akwai sake bugu. A 1974 kamfanin DC ya sake buga Action Comics ta farko cikin babban girma, da wani bango na waje mai bayyana cewa maimaici ce. Mazambata suka riƙa cire bangon wajen suna sayar wa marasa sani a matsayin ta asali, fihirisar da ta faɗi tsawo da faɗin ta asali ce kaɗai ke tona su.

Amma babban amfanin wannan aiki shi ne mayar wa masu fasaha sunayensu. Galibin kamfanoni ba sa rubuta sunan marubuci ko mai zane. Mutumin da ya zana mafi kyawun labarun agwagin Disney daga 1942 zuwa 1966 ba a san shi ba, sunan Walt Disney kaɗai ke fitowa. Yara dai sun gane hannunsa, sukan ce wannan na gwanin nan ne. Sai wajen 1960 masu sha'awa suka bi diddigi suka gano sunansa Carl Barks. Haka kuma Bill Finger, wanda ya rubuta labarun Batman na farko tun 1939, ya mutu a 1974 cikin talauci ba a sa sunansa a matsayin wanda aka ƙago jarumin tare da shi ba. Bails yana cikin na farko da suka bayyana rawar da ya taka, kamfanin kuwa bai amince ya riƙa sa sunan ba sai a 2015. Daga 1973 Bails da abokin aikinsa Hames Ware suka fara fitar da kundin sunayen ma'aikatan sana'ar, suna gane zane ta yadda mutum ke zana hannu ko kunne ko naɗin tufa, kamar yadda masanin tsofaffin littattafanmu kan gane hannun magwafi ko da bai sa sunansa a ƙarshe ba.

Aikin ya ci gaba. A 1989 da 1990 Ernst Gerber ya buga manyan littattafai masu ɗauke da hotunan bango fiye da 20,000, ya kuma ba kowace fitowa lamba daga 1 zuwa 10 gwargwadon wuyar samunta. A 1994 wasu masu sa kai suka kafa Grand Comics Database, wadda yanzu take a intanet, tana ƙoƙarin lissafa kowace mujallar zane ta kowace ƙasa, labari-labari, da sunan duk wanda ya sa hannu.

Littafin farashi da matakan daraja

A 1970 Robert Overstreet, wani mai tarawa daga jihar Tennessee, ya fitar da littafin da ya haɗa fihirisa da farashi, da taimakon bayanan Bails. An yi ta sabunta littafin shekara bayan shekara, har sunan Overstreet ya zama hujja tsakanin mai saye da mai sayarwa. A bugun farko an sa wa Action Comics ta farko dala 300 idan tana sabuwa fil, mutane da yawa kuma suka ce an yi tsada. Shekara uku bayan haka wani saurayi a California ya sayi kwafi ɗaya a kan dala 1,800 da 'yan kai, jaridu suka ɗauki labarin, iyaye suka fara tuna abin da suka zubar.

Da farashi ya shigo, dole a sami hanyar bayyana lafiyar kaya, musamman da yake galibin cinikin ta gidan waya ake yi, mai saye ba ya ganin abin da ya biya sai ya iso. Overstreet ya fara da mataki uku. Na sama an aro sunansa daga masu tara tsabar kuɗi, yana nufin kwabon da ya fito daga maƙera hannu bai taɓa shi ba. Na tsakiya shi ne wadda aka karanta amma aka kula da ita. Na ƙasa kuwa, abin mamaki, an kira shi da kalmar da ke nufin mai kyau, alhali ana nufin wadda ta sha hannu amma ba ta rasa shafi ba. Daga baya matakan suka kai takwas, aka kuma riƙa sa rabi-rabi a tsakaninsu. Abubuwan da ake dubawa su ne ƙyallin bango, da kaifin kusurwa, da karaya a gindin ɗinki, da tsatsa, da yagewa, da rubutun alƙalami, da launin takardar ciki daga fari zuwa ruwan ƙasa, da ko an yanke wani tallan da ke ciki.

Duk wanda ya san kasuwar auduga ko ta fata a ƙasar nan ya san inda rigima take. Mai kaya yana ganin nasa lamba ɗaya ne, mai saye yana ganin lamba biyu. A kasuwar mujallu mai sayarwa shi ne kuma mai awo, mujalla ɗaya sai ta zama ta tsakiya ranar da dillali zai saya, ta zama ta sama ranar da zai sayar.

Tarin Edgar Church

A 1977 aka sami abin da ya sauya ma'aunin baki ɗaya. Wani tsoho a birnin Denver, Edgar Church, mai zanen talla ne a kamfanin tarho. Tun wajen 1937 har shekara 20 yana sayen kusan kowace mujallar zane da ta fito don ya riƙa duba salon zane, yana jibge su a ɗakin ƙasa na gidansa. Da ya tsufa iyalinsa suka so a kwashe su a sayar da gidan, suka kira wani matashin mai kanti, Chuck Rozanski, ya saye su. An ƙiyasta yawansu tsakanin 18,000 da 22,000. Iskar Denver busasshiya ce mai sanyi, ɗakin ba haske, nauyin tarin kuma ya danne su ya hana iska shiga. Sai ga mujallun shekara 40 da takarda fara fat kamar jiya aka buga su.

Wannan ya nuna wa masu tarawa cewa abin da suke kira sabuwa fil a da bai kai ba. Aka fara biyan ninkin farashin Overstreet a kan kwafin da ya fito daga tarin Church. Daga nan ne kuma aka fara ba da muhimmanci ga salsalar kwafi, watau a san daga hannun wa ya fito, da hannuwan da ya bi, ana gane shi ta wurin 'yan alamun fensir da dillalin jarida ya sa a bango. Haka nan sana'ar gyara ta bunƙasa: a cike launin da ya goge, a liƙe yagewa, a wanke takarda, a datse gefe don ya yi kaifi. Gyaran da aka bayyana ba laifi ba ne, wanda aka ɓoye shi ne ya zama annoba.

Kallon kitse

A ƙarshen shekarun 1980 labarin tsadar tsofaffin mujallu ya ja mutanen da ba karatu ya dame su ba. Suka riƙa sayen sababbin fitowa goma-goma suna sawa cikin leda, da zaton nan gaba za su biya wa 'ya'yansu kuɗin jami'a da su. Kamfanoni suka biye musu. A 1991 Marvel ya fitar da sabuwar X-Men lamba ta ɗaya da bango iri biyar, aka sayar wa kantuna kwafi fiye da miliyan 8. A ƙarshen 1992 DC ya kashe Superman cikin wata fitowa da aka rufe a baƙar leda, mutane suka yi layi a titi don su saya. Kallon kitse aka yi wa rogo. Abin da ya sa ta 1938 ta yi tsada shi ne kowa ya zubar da tasa, wadda kuwa miliyoyin mutane suka adana a leda ba za ta taɓa yin wuyar samu ba. Daga 1993 kasuwar ta faɗi, dubban kantuna suka rufe, a Disamba 1996 kamfanin Marvel ya nemi kariyar kotu saboda bashi.

Akwatin roba

Masu tsabar kuɗi sun riga sun sami maganin rigimar awo tun shekarun 1980, watau a kai kaya wurin wani na uku wanda ba shi da riba a cinikin, ya auna, ya rufe shi cikin roba. A 2000 aka buɗe kamfanin CGC don ya yi wa mujallu haka. Ma'auninsa ya tashi daga 0.5 zuwa 10, a sama kuma matakan sun matsu ƙwarai: 9.0, 9.2, 9.4, 9.6, 9.8. Ma'aikata fiye da ɗaya ke duba kowane kwafi, a ƙirga shafuka, a nemi alamar gyara, sa'an nan a rufe shi cikin akwatin roba mai tauri da takardar shaida a sama. Shuɗiyar takarda tana nufin ba a taɓa shi ba, mai ruwan goro-goro ta shunayya tana nufin an yi gyara, rawaya kuwa tana nufin an sa hannu a gaban wakilin kamfanin. Kamfanin yana kuma bayyana adadin kwafin da ya auna a kowane mataki, ta haka mai kaya zai san ko akwai wanda ya fi nasa.

Wannan tsari ya zo daidai da bunƙasar ciniki ta intanet, ya ba baƙo ƙarfin zuciyar biyan baƙo maƙudan kuɗi. A Fabrairu 2010 aka sayar da Action Comics ta farko mai maki 8.0 a kan dala miliyan 1, wata guda bayan haka wata mai 8.5 ta kai miliyan 1.5. A 2014 mai 9.0 ta kai miliyan 3.2, a 2024 kuma aka yi gwanjon wata mai 8.5 a kan miliyan 6. A 2013 wani mai gyaran gidaje a jihar Minnesota ya tsinci kwafi cikin bangon wani tsohon gida, an cusa shi tare da jaridu don tare sanyi. Garin gardama da wata 'yar'uwar matarsa bangon baya ya yage. Aka ba shi maki 1.5, aka sayar dala 175,000, masu gwanjon kuma suka ƙiyasta cewa yagewar nan ta ci dala 75,000.

Amma akwatin bai kashe rigima ba, wuri ya sauya mata. Tun da bambancin 9.6 da 9.8 na iya ninka farashi, sai aka sami masu danne mujalla da zafi da laima don su shafe lanƙwasa, kamfanin kuma bai ɗauki wannan a matsayin gyara ba, abin da masu tarawa suka daɗe suna jayayya a kai. Akan fasa akwati a sake aikawa da fatan samun maki mafi girma, wanda ke nuna cewa awon hukuncin ɗan Adam ne, ba sikeli ba. A ƙarshen 2023 aka gano cewa an riƙa buɗe akwatuna ana musanya abin da ke ciki da kwafi mai ƙarancin daraja, kamfanin kuma ya amsa cewa abin ya shafi wasu ɗaruruwa. Sama da duk wannan akwai wata tambaya. Da zarar an buɗe akwatin, makin ya faɗi. Ke nan mujallar da aka fi daraja ita ce wadda ba mai sake karanta ta, bango da baya kaɗai ake gani.

Hanyar laburare

Ana cikin wannan, wasu suka bi wata hanya. A shekarun 1960 laburarorin Amurka suna ɗaukar tsofaffin jaridu a ƙaramin fim suna zubar da na takarda, fim ɗin kuwa baƙi da fari ne, launin zane ya tafi ke nan. Wani marubuci, Bill Blackbeard, ya nemi a ba shi, aka ce sai hukuma ake ba, ba mutum ɗaya ba. Sai ya yi rajistar wata cibiya a gidansa a San Francisco a 1968, ya riƙa kwasowa da mota. Abin da ya tara ya kai tan 75, ya sayar wa Jami'ar Jihar Ohio a 1997, yawancin littattafan da ke sake buga tsofaffin zanen jaridu kuma daga tarinsa suka samo. A Jami'ar Jihar Michigan, Farfesa Russel Nye ya kafa tarin mujallun zane a 1970, wani ma'aikacin laburare, Randall Scott, ya shafe shekaru fiye da 40 yana yi musu fihirisa ɗaya bayan ɗaya, har suka haura 300,000. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yana da fitowa fiye da 140,000, galibinsu ta hanyar dokar da ta wajabta wa mai bugawa ya ajiye kwafi. A waɗannan wurare kwafin da ya sha hannu yana da amfani daidai da sabo, muddin shafukansa sun cika.

Abin da ya shafe mu

Mu ma mun ga irin waɗannan mujallu. Daga 1968 zuwa farkon shekarun 1970 kamfanin Drum yana buga African Film, mai labarin Lance Spearman cikin hotuna, ana rububinta daga Legas har Nairobi. Daga 1975 aka buga Powerman musamman don kasuwar Nijeriya, masu zanenta biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, suka zama mashahurai daga baya a Ingila da Amurka. A 1976 Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super. Dubban mutane sun karanta su, amma samun cikakken jerin ɗayansu yau babban aiki ne. Abokan gaban takarda a nan sun fi na Denver yawa: gara, da laimar damina, da zafin bazara, da mai ƙosai da mai tsire.

Magabatanmu a jami'a sun yi wa rubuce-rubucen Larabci da ajami wannan hidima. An buga fihirisar na Ibadan a shekarun 1950, aka kafa shirin binciken tarihin Arewa a Zariya a 1964, aka kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Rubutu mai araha shi ne bai sami gata ba. Littattafan hikaya na Hausa da suka cika kasuwannin Kano tun tsakiyar shekarun 1980 sun sha irin zargin da aka yi wa mujallun Amurka, har an ƙona waɗansu a Kano a 2007, fihirisarsu ta 1987 zuwa 2002 kuwa, wadda Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tsara, a Jamus aka buga ta a 2004. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai bugawa ya ajiye kwafi uku, amma marubucin da ya buga da kuɗin aljihunsa ya kai kasuwa da kansa ba safai yake bi ta wannan ƙofa ba.

Kammalawa

Ba sai mutum ya yarda da abin da ke cikin littafi ba kafin ya yarda a ajiye kwafinsa. Mai suka ma yana bukatar hujja, masanin tarihin da zai zo bayan shekara 50 yana neman yadda matasan wannan zamani suke magana da abin da suke buri ba zai same shi cikin rahoton gwamnati ba. Tarihin da muka bi ya nuna cewa ma'aunin daraja ya yi wa kasuwa aiki, fihirisa kuwa ita ta yi wa ilmi aiki, kuma mutane ƙalilan ne suka fara ta, da katin rubutu da kan sarki, tun kafin kowa ya ga amfaninta. Shawarata ga sassan harsuna da na tarihi da laburarorin jami'o'inmu ita ce su ware ɗan kuɗi kowace shekara a shiga kasuwa a sayi kwafi bibbiyu na duk abin da aka buga, kome arharsa, a rubuta sunan marubuci da mai zanen bango da maɗaba'a da shekara da farashi, a ajiye a ɗaki busasshe nesa da ƙasa. Aiki ne da ɗalibi ɗaya mai haƙuri zai iya farawa a wannan zangon karatu.